Tankin da ke Bayan Gauraka

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya maigidan naki? Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata ƙanenta bai haukace ba tukuna, ko da yake ta gama shaida wa dangi haka tun ranar da na sayi kyamara.

Ga katin kyamarar nan cikin ambulan, na ba direban da ke kai muku takarda shago. Ki buɗe hoto na ƙarshe. Gauraka ce tsaye a kan sheƙarta da 'ya'ya biyu, a fadamar da ke bayan masana'antar da na yi ritaya. Shekara shida ina zarya fadamar nan ban taɓa ganin ta yi sheƙa ba sai bana. Safiya talatin da ɗaya na yi a tsugune cikin ciyawa, sauro na shagali da ni, kafin ta ga dama ta miƙe na ga 'ya'yan.

Wannan hoton ba na ado ba ne. Kamfanin da ya sayi filin yana so ya cike fadamar da ƙasa ya gina ɗakunan ajiya, har an kawo katafila an ajiye a bakin hanya. Kwamitin filaye zai zauna ranar ashirin ga wata. Matar da ke ofishin kula da muhalli ta ce in na kawo shaidar gauraka na ƙyanƙyasa a wurin, ba mai ikon taɓa shi.

Abin haushin kawai, tsohon tankin ruwan masana'anta, wannan mai tsatsar da aka rubuta wa ƙatuwar lamba bakwai, ya tsaya ƙiƙam a bayan kanta. Ga wayoyin wuta, ga leda ta ko'ina. Ki gyara shi yadda kika saba, manyan mutane ne za su gani. In kin gama ki share katin ki dawo mini da shi, ya cika.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan ka tashi lafiya. Mama na amsawa, ta ce in gaya maka ba ta janye maganarta ba.

Ga hoton nan na buga maka guda biyu, ga katinka kuma fes. Kawu, ka ba ni aiki! Awa huɗu na yi a gaban kwamfuta, masu son katin aure suna tsaye a kaina suna tsaki. Tankin bai ba ni wahala ba, amma wayoyin sun ratsa ta cikin tukkunta, sai da na bi gashin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na cire leda goma sha ɗaya, na ƙirga. Na cire katangar masana'anta, na cire wata tsohuwar taya da kai ma ba ka lura da ita ba. Bayanta yanzu kore ne shar, ya ɗan dushe, yadda kake so.

Mai shagonmu ya gani ya ce ya cancanci a sa shi a kalanda. Ni dai roƙona ɗaya, in ka tashi yabo ka yi shi a rubuce, don in nuna wa Mama cewa kana iyawa.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da gajartarta, a kwance nake rubutu.

Na kai hoton ofis ranar Litinin, na sa riga mai kyau. Matar ta karɓa, ta juya shi, ta yaba sosai. Har na fara gyara zama. Sai ta ɗago ta ce, "Baba, a ina aka ɗauki wannan?"

Na ce a fadamar mana. Ta ce ta yarda da ni, amma lauyan kamfani zai ce a gidan ajiye namun daji na ɗauka, ko na ciro a kwamfuta, kuma ba ta da abin da za ta nuna masa. Ta tambaya ko akwai wani gini ko alama a wurin da kowa ya sani. Na ce akwai tanki mai lamba bakwai. Ta sake duba hoton, ta dube ni. Na tsufa, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na dawo gida na zazzage akwatin hotuna a tsakar ɗaki. Ɗari huɗu da wani abu, duk ta hannunki suka bi, tsuntsayen fadamar ne: zalɓe, kirinjijiya, balbela, ɗinya. Ko ɗaya babu mai komai a bayansa sai koren nan naki. Gyara na ce ki yi, ban ce ki kwashe duniya ki bar tsuntsuwa a rataye ba. Ke da ba ki iya share ɗakinki kina yarinya, yau kin share mini fadama guda.

Washegari da sassafe na koma in sake ɗauka. Garin sauri na zame a bakin kwalbati, idon sawuna ya karye. Maigadin masana'anta ne ya cicciɓe ni. Likita ya ɗaure ƙafar, ya ce sati shida ba takawa, zaman kwamiti kuwa saura kwana takwas.

Tunda ke kika cire tankin, ki mayar da shi inda kika same shi.

Kawunki.

*

Kawu,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mama za ta zo ranar Asabar, ka shirya kunnuwanka.

Wasiƙarka ta farko tana gabana. Ka rubuta "ki gyara shi yadda kika saba", ka kuma rubuta "ki share katin". Wa ya saba mini? Shekara shida kana dawo mini da hoto saboda guntun waya, ka taɓa sa ni na sake bugu sau uku don kan wani mai keke ya leƙo a gefe. Laifina da na yarda da shi ɗaya ne: na ajiye gyararren a kan na asali, ban bar kwafi ba. Wannan sakaci ne, kuma ya hana ni sukuni.

Mayar da tanki kuwa, ba zan ɓoye maka ba, na fara. Na samo wani tanki, na sa masa tsatsa, na rubuta bakwai, ya zauna daram. Sai na tuna gaban kwamiti za ka kai shi ka ce ka gani da idonka. In lauyan nan ya gane, kai za a kira maƙaryaci, kuma ba wanda zai ƙara sauraron maganar fadamar. Na goge shi.

Don haka na roƙi mai shago safiya uku, na shiga motar farko. Kawu, ba ka taɓa gaya mini wurin na wari ba. Ranar farko laka ta cinye mini takalmi ɗaya, na dawo shago da silifas ɗin maigadi. Rana ta biyu na yi atishawa, duk abin da ke da fiffike a fadamar ya tashi. Na zage ka a zuciyata, Allah ya yafe mini.

Rana ta uku maigadi ya nuna mini inda kake tsugunawa, ciyawar ma ba ta miƙe ba. Na yi awa biyu ƙafata ta mutu. Can sai na ji wani kuka mai kauri, gaurakar ta sauko ta gaban tankin, 'ya'yan suka fito suna bin ta da gudu. Ma'aikata uku da ke hutu a bakin katanga suka daina hira suna kallo. Sau ɗari huɗu ina goge wurin nan ban taɓa ganinsa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Da waya na ɗauka. Na kai wa matar ofis wayar, ta ga rana da wurin da aka ɗauka a jikin hoton, ta kwafa. Ga naka nan na buga. Na san ka, don haka kafin ka buɗe baki: eh, yatsana ne a kusurwar. In kana so zan cire shi, aikin minti biyu ne.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa, da fatan kin sayi takalmi.

Hoton ya karkace, haske ya yi masa yawa, tanki ya cinye rabinsa, gaurakar kuwa ba ta fi ƙwayar wake ba. Tunda nake ban taɓa ganin hoto mai muni irinsa ba.

Jiya kwamiti ya zauna. Yau da safe maigadi ya aiko cewa an zo an tafi da katafilar.

Ki buga mini shi babba, a falo zan rataye. Kada ki taɓa komai a jikinsa, har yatsan.

Kawunki.