Layin Ƙarshe na Bakin Ƙofa

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce mata ɗanta na nan da ransa, aljihunsa ne kawai ba lafiya.

Na san kin dafa da ni ranar Asabar, ban zo ba. Ki yi haƙuri. Aikin tayil ya ƙare tun sati uku, sama da ƙasa, amma Injiniya, wato wanda ya karɓi kwangilar gidan ya yanka mini tawa, ya riƙe rabin kuɗina. Da farko cewa yake gobe. Yanzu wayarsa ma ta daina cewa komai. Ofishinsa da kwaɗo, sai kujera ɗaya da nake hangowa ta taga.

Laifina ne, kuma gara ki ji daga bakina. Kin san yadda muke yi: ba a shimfiɗa layin ƙarshe na bakin ƙofa sai kuɗi ya shigo hannu. Muddin wurin nan a buɗe yake, aiki bai ƙare ba, ɗan kwangila ba zai iya miƙa gida ba, dole ya neme ka. Ni da na koya wa mutane wannan, ni na karya shi. Mai gidan tsohuwa ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, muna ce mata Mama. Ta zo duba aiki, sandarta ta harɗe a ramin, saura kaɗan ta kifa. Ban yi shawara da kowa ba na kwaɓa siminti na rufe wurin. Washegari Injiniya ya ɗauki hoto ya kai banki, aka sakar masa kuɗi, ya ɓace.

Abokan aikina biyu sun tafi, don ba a cin alkawari. Ina bin Injiniya, su suna bi na, mai shagon siminti kuma ya riƙe injina na yankan tayil saboda bashin da yake bi na. Ni kaɗai nake kwana a ɗakin ajiya, kan kwalaye. Ɗaki bakwai ne gidan, in na yi tari sai duka su amsa. Ina kewarki ƙwarai, har faɗanki na safe kan takalmana.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Mai Tayil, kamar yadda kike tsokanata

*

Maman yara,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso ta hannun direba, na gode da rigunan. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa. Batun kuɗin makaranta, ki roƙi shugabar ta ƙara mana mako biyu.

Na je wurin lauya. Ya ce akwai hanya ɗaya: a kai ƙorafina ofishin filaye a rubuta shi a kan takardar gidan. Daga nan ba a sayar da gidan, banki ba ya ba da rance a kansa, sai an biya ni. Amma kwana arba'in kawai nake da shi daga ranar da na gama aiki, wato ranar da na rufe bakin ƙofar nan. Yau saura tara.

Na fito ina murna, sai a hanya na gane abin da aka ba ni. Gidan ba na Injiniya ba ne. Na Mama ne.

Kullum da hantsi take zuwa yanzu. Ta zauna kan bokitin fenti a falo, ta buɗe flas, mu sha shayi. 'Ya'yanta duk suna nesa, sai waya. Ta nuna mini rasitanta a cikin leda, ɗaya bayan ɗaya, ta biya Injiniya har sisin ƙarshe. Abin da ya rage mata shi ne kashin ƙarshe na rancen banki, wanda za ta ja wuta da ruwa da shi, domin hayarta za ta ƙare ƙarshen wata. Tana yabon aikina, tana shafa bango, wai layukana sun fi na asibitinsu miƙewa. Ni kuma ina shan shayinta da takardar lauya a aljihu.

Babban abokin aikina ya kira sau huɗu jiya. Matarsa ta kusa haihuwa, kuma an ce sai aiki. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi yana jira.

Ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai ke. In na kai takardar na cuci wadda ba ta ci mini komai ba. In ban kai ba na cuci mutanen da suka durƙusa wata uku a kan gwiwoyinsu saboda maganata. Ki yi mini addu'a, kaina ya kulle.

Naki har kullum,
Baban yara

*

Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ni ma lafiya, jiki dai.

Na kai takardar, ana saura kwana ɗaya. Ban bari ta ji a bakin banki ba, ni na gaya mata, a tsaye, don na kasa zama. Ta saurara har na gama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni nawa ne, na faɗa, ta gyaɗa kai ta rufe flas ɗinta. Kwana shida ban sake ganinta ba.

Banki ya tsayar da rancen. Lauya ya ce kuɗina za su fito, ko daga ita ko daga Injiniya in an kamo shi, sai dai a yi wata uku. Da wannan takarda mai shago ya sakar mini injina, ya kuma ranta mini abin da na tura wa abokin aikina. An yi wa matarsa aiki, ta sauka lafiya, mace. Lauya sai taya ni murna yake, wai na yi nasara.

Jiya Mama ta tare, don mai gidan hayar bai ɗaga mata ƙafa ba. Ba wuta, ba ruwa. Motar kaya ta sauke mata komai a waje ta tafi, ba kowa tare da ita. Na shiga ɗauka: gado, katifa, akwatuna, jarkoki biyu da na ciko mata a famfon titi. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma kalle ni ba. Da na gama na miƙa mata makullai, sai ta buɗe jaka ta ƙirgo kuɗin dako, daidai yadda ake biyan ɗan dako, ta ce in ƙirga a gabanta, kada wata rana a ce ba ta biya ba.

Na ƙirga, Maman yara. Sun cika.

Zan shigo motar safe ranar Laraba. Kada ki gaya wa kowa na ci shari'a, kada ki yi girki na musamman. Ki dai kasance a gida in na iso.

Mijinki