Ranar da Inna ta ambaci sunanka

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa mun zo hutu gida Madabo, ni da matata Hadiza da yara.

Ka san ni da rashin son raini. Ranar da muka sauka matan gida suka tasa tumbina a gaba, wai zaman ofis ya mai da ni randa. Cikin zuciya na ɗauki gawayi na rubuta a bangon zaure: kwana bakwai a jere, gudu zuwa Ƙofar Ruwa bayan asuba, keke ta Gwammaja da hantsi, hawa Dutsen Dala, sannan ƙwallo bayan la'asar. Kekenka na ciro daga ɗakin shirgi. Har yanzu sirdin a karkace yake, yadda ka bar shi.

Kwana uku ina cika baki. Jiya, rana ta huɗu, a tsakiyar matakalar Dala wani abu ya danne min ƙirji kamar an ɗora turmi, hannun hagu ya yi nauyi. Na durƙusa na yi kamar ina ɗaure igiyar takalmi. Da yamma har ƙwallon na buga, don kada a ce na gaza. Kai ka koya min cewa namiji ba ya cewa wayyo a gaban mutane. Ko Hadiza ban gaya wa ba.

Yaya, tsoro nake ji. Shekaruna yanzu daidai da naka lokacin da ka faɗi a filin ƙwallo ba ka tashi ba.

Ɗazu ina zaune a tsakar gida ina murza hannun, ban san Inna na kallona ba. Ka san ta da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ko bayan rasuwarka "yayanku" take cewa. Sai ta ajiye carbinta ta ce haka Habu ya riƙa yi. Habu, da bakinta! Ta ce tsawon wata guda tana ganin kana murza hannu, kunya ta hana ta tambaye ka, har aka shigo mata da gawarka.

Na yi mata alkawari zan je asibiti ranar Litinin, da zarar na cika kwana biyun da suka rage, tunda duk unguwa ta san da maganar. Yau Juma'a. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce kai ma Litinin ka ce wa matarka.

Allah Ya jiƙanka, Yayana, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Allah Ya raba ni da taurin kan nan namu kafin asubar gobe, kada Inna ta binne mu biyu.

Ƙaninka,
Sabo