Teburin da Ya Tare Hanya

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya sabon wurin aiki? Mamanki na gaishe ki. Ita ce ta dire mini takarda da biro ta fice, tunda kin daina ɗaga wayata.

Sabon injin lanƙwasa ƙarfe ya iso, gudu yake kamar aljani. Da safe gadajen asibiti, da rana kujerun makaranta, minti goma an juya shi. Na san kin ce kada a sayo. Sati uku kika yi kina bin ma'aikatana da agogo, kika zana masana'antar a kwamfuta, 'yan ɗigo suna tafiya daga yanka zuwa walda zuwa fenti, sai duk suka cunkushe a gaban wani akwati. Na tambayi wane inji ne wannan, kika ce teburina ne, inda nake duba kaya kafin su fita. A gaban mutanen da na koya wa riƙe guduma!

Da injin walda ɗaya na fara, a rumfar kwano. Shekara talatin ba abin da ya fita ƙofar nan ban shafa waldarsa da babban yatsana ba. Shi ya sa na ce wasan 'yar tsana kike yi. Maganar ta yi nauyi, amma ai kin san halina.

Ki riƙa cin abinci.

Mahaifinki,
Mai Ƙarfe

Zuwa ga 'yata,

Ina gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Wata biyu shiru, ban ga laifinki ba.

Kin ce in injin ya zo, kwana tara kaya za su toshe ƙofa. Kin yi kuskure, kwana takwas ne. Sai da muka riƙa tsallake ƙafafun gado kafin mu je alwala. Na zagi masu fenti, na zagi direba, ban waiwayi layin da ke bayana ba.

Sai aka yi mini aikin yanar ido, likita ya zaunar da ni gida kwana biyar. Ashe Dogo, shugaban masu walda, ya ɓoye takardar da kika bari a aljihun rigar aikinsa. Ya raba wa kowa ma'auni ya duba aikinsa da kansa, shi kuma yana zaɓar ɗaya cikin goma ya sake dubawa, yadda kika tsara.

Ranar da na koma, na ga daɓen simintin masana'antar fili, ba kaya jibge a kai. Wallahi na manta launinsa. Na ɗauki kujera ashirin ina shafawa ina neman aibu da sabon idona, ban samu ba. Kowa ya duƙufa a kan aikinsa don kada mu haɗa ido. Wannan kawaicin ya fi mini zagi ciwo.

A gabansu na wulaƙanta ki, don haka a gabansu na faɗa jiya cewa ke ce da gaskiya. Ni da Dogo muka ɗauke teburin, yana nan jingine a bayan sito. Yanzu da safe nakan zagaya hannu a baya, ban san inda zan tsaya ba.

Ba zan ce ki bar aikinki ba. Ki dai zo ko na yini ɗaya, ki taho da kwamfutar. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma wannan karon zan yi shiru har ki gama: wancan akwatin, in an cire shi daga hanya, akwai inda ake sa shi ya yi amfani?

Allah ya yi miki albarka. Ki yafe wa tsoho.

Babanki