Bakina a Buɗe, Auta Tana Magana

Litinin, 3 ga Maris

Mutum tara na duba yau, kuma duka taran sun yarda da ni cewa a sallami kocin ƙungiyarmu. Ƙwallo uku aka zura mana, a gidanmu, a gaban jama'armu. Direban bas da na cike wa haƙori har hawaye ya yi da na zo kan maganar mai tsaron gida. Nas ta ce allura ce ta sa shi hawayen. Ita da ba ta kallon ƙwallo, ina za ta sani.

Shekara ashirin da shida ina aikin haƙori, ba a taɓa musa mini magana a kujerar nan ba. Ba yabon kai ba, mutane suna gane gaskiya idan an yi musu bayani a tsanake.

Talata, 4 ga Maris

Auta ta gama shekararta ta gwaji a asibitin koyarwa. Cikakkiyar likitar haƙori, 'yata ta cikina. Don murna da kaina na buga ƙusa kusa da tawa a bayan ƙofar ɗakin aiki, inda za ta riƙa rataye farar rigarta.

Wajen cin abinci na gaya mata. Ta ce wani asibiti a wani gari ya ba ta aiki, suna jiran amsarta kafin ƙarshen wata. Na fara yi mata bayanin amfanin aiki a gida. Ban san yadda aka yi bayanin ya gangaro kan zaɓen magajin gari ba. Ko da na waiwaya, tana can tana wanke kwanuka.

In ta tafi, wa zan bar wa kujerar?

Alhamis, 6 ga Maris

An yi muhawarar 'yan takara a talabijin. Mai gilashin nan ya burge ni, shi da ya ce zai mayar da kasuwa bayan gada a samu hanya. Mai ci yanzu kuwa sai kame-kame. Na warware wa wani tela maganar tiryan-tiryan ina wanke masa haƙora, yana ta "aa, aa". Mutum mai fahimta.

Na sha ruwan sanyi, haƙorina, turmin dama na ƙasa, ya ɗan yi mini zogi. Ba komai ba ne.

Asabar, 8 ga Maris

Maman yara ta ɓata mini rai.

Ina kallon gasar waƙa, ina cewa alƙalai sun yi daidai da suka jefa yarinyar nan mai dusasshiyar murya cikin waɗanda za a iya kora, sai ta rage sautin. Ta ce, "Likita, ba asibitin can ne ya burge Auta ba. Kai take gudu." Wai ba na barin kowa ya kai ƙarshen magana. Na ce to mutanen da suke yarda da ni kullum fa? Ta ce, "Hannunka yana cikin bakinsu." Na ce ai suna gyaɗa kai. Ta ce, "Kai ne kake riƙe da haɓar."

Na so in ba ta amsa, sai haƙorin ya motsa. Ta ɗauka ita ta kashe mini baki, ta tashi tana murmushi.

Litinin, 10 ga Maris

Na yi niyyar yin aiki shiru yau don in nuna musu. Nas ta ce minti goma sha ɗaya na yi. Da agogo ta auna, wai.

Laraba, 12 ga Maris

Da hagu nake tauna.

Juma'a, 14 ga Maris

Kumatu ya ɗan tasa. Na kulle ƙofa, na leƙa da ƙaramin madubi: rami ne, har da ɗan'uwansa a gefe. Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan alewa.

Mutum ba ya cike haƙorinsa da kansa, na gwada tunanin ta kowace fuska. Likitan da ke tsallaken titi kuwa ɗan gani-kashe-nin mai ci yanzu ne, hotonsa ma ya manna a motarsa. In na hau kujerarsa na buɗe baki, na shiga uku. Da na rubuta wannan sai na tsaya ina kallon abin da na rubuta. A bar maganar.

Saura Auta. Na tambaye ta a fakaice, kamar wani nake nema wa. Ta kalli kumatuna ta ce, "Baba, ka ce wa mutumin ya zo Litinin da safe."

Litinin, 17 ga Maris

Ban taɓa kwanciya a kujerar nan ba sai yau. Ashe akwai tsaga a silin, daidai saman fitila. Shekara nawa mutane suna kallonta, babu wanda ya gaya mini.

Ta sa safar hannu da takunkumi, ta yi mini allura, ko jin shigarta ban yi ba. Ta cusa auduga dama da hagu, Nas ta maƙala mini bututun zuƙe yawu. Sai da ta tabbata bakina ya cika, sannan ta kunna injin ta ce, "Baba, game da kocin nan."

Na zaro ido. Ta ci gaba abinta. Wai manyan 'yan wasansa shida ne suke jinya, yara ya ɗebo daga ƙaramar ƙungiya, kuma a wasa huɗun nan kullum ƙwallayen da ake ci mana raguwa suke. Na yi lissafi a zuci: shida, biyar, huɗu, uku. Haka ne kuwa. Na ce "aa", ina nufin wannan ba hujja ba ce. Ta ce, "Na gode da ka yarda."

Nas ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa.

Daga nan ta koma kasuwa. Ta ce na taɓa tambaya wace bas ce take zuwa bayan gada? Babu. Matan da suke sayar da kayan miya da ƙafa suke zuwa da kaya a ka, mai gilashi kuma bai ce uffan a kansu ba. Ta ce yarinyar gasar waƙa ita kaɗai ce take rubuta waƙarta da kanta, sauran duk aro suke yi. Ina da amsar kowanne, wallahi ina da ita, amma duk sun taru sun tsaya a bayan auduga.

Sai ta kashe injin. Muryarta ta sauka. Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai, lokacin da nake ɗora ta a kujerar nan ina ɗaga ta sama tana dariya, take son aiki a ɗakin nan. "Amma Baba, rabon da in fara magana a gabanka in kai ƙarshenta, har na manta. Ina tsoron in zo nan in zama mai miƙo maka awartaki."

Wannan karon ko "aa" ɗin ban iya ba. Ruwa ya gangaro mini ta gefen ido. Allura ce.

Ni likita ne, na san lokacin da ciko yake ƙarewa. Ta gama aikinta tun minti goma kafin ta cire audugar. Na sani, ta san na sani. Na kurkure baki, na tofar, ga bakina fayau. Na ce hannunta ba nauyi. Ta ce a wurina ta gada.

Daɗi ya hana ni zama wuri ɗaya duk yinin. Wannan yarinya, ashe haka kanta yake ja.

Talata, 18 ga Maris

Haƙori lafiya lau. Cikon ya fi nawa kyau, amma a nan maganar za ta tsaya.

Alhamis, 20 ga Maris

Direban bas ya dawo a duba cikonsa. Kafin in sa masa komai a baki na ce, "Kai me ka gani game da kocin?" Ya dubi Nas, ya dube ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba ƙungiyarku nake bi ba. Mu ne muka ci ku ukun." Shekara takwas yana zuwa wurina.

Muka kaure da musu har na falo suka leƙo suka tsoma baki. Tela yana cikinsu, ashe mai ci yanzu zai zaɓa, don matarsa a kasuwar take. Mun kai rabin awa, ban yi nasara ba, ban kuma faɗi ba. Rabon da in yi dariya irin ta yau na manta. Musu da mai baki ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Asabar, 22 ga Maris

Mun ci biyu da nema, duka biyun yaran nan ne suka zura. Auta ruwa kawai ta miƙo mini, mai sanyi. Na shanye ta ɓangaren dama.

Wajen cin abinci duk wanda ya yi magana sai na ƙirga goma a zuci kafin in amsa. Sau biyu na kai bakwai kawai. Auta ta kwaikwayi yadda mai gilashi yake gyara gilashinsa idan an yi masa tambayar da ba shi da amsarta, Maman yara har da riƙe ciki. Ban san 'yata ta iya ban dariya haka ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Saura kwana huɗu Auta ta ba asibitin can amsa. Ba ta ce ba, ban tambaya ba. Duk lokacin da zan rataye rigata sai na ga ƙusar nan babu komai a kanta.

An buɗe wa masu kallo zaɓe a gasar waƙa. Yatsana ya zame a waya, ya faɗa kan mai dusasshiyar murya. Sau uku.

Litinin, 31 ga Maris

Na shigo da safe na tarar da farar riga a kan ƙusar. Na daɗe a bayan ƙofa ina gyara maɓallin da ba abin da ya same shi.

Ta manna takarda a bango daidai inda mai kwanciya zai gani, da rubutun hannunta: ɗaga hannun hagu idan ka ji zafi, ɗaga dama idan ba ka yarda da likita ba. Yau hagu sau biyu ya tashi, dama sau goma sha huɗu. Duk wanda ya ɗaga na tsaya na cire masa auduga. Ba don komai ba, wuyan hannuna yana buƙatar hutu a shekarun nan.

Har yanzu ina nan a kan bakana, kocin ba gwani ba ne. Sai dai a bar shi ya ƙarasa kakar.

Da za mu tashi, Auta tana rataye rigarta ta ce, "Baba, ƙusar nan a karkace take." Na buɗe baki in yi mata bayanin dalilin da ya sa ake buga ƙusa haka. Sai na rufe, na je na ɗauko guduma.