Ka Shigo Ciki, Yona

Zuwa ga maigidana Yona, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Minna, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, wanda zuciyata ta zaɓa tun ba ta san wahala ba, ta kuma sake zaɓa yanzu da ta sha wahalar har wuya.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Za ka tarar da wannan takarda a ƙarƙashin murfin kular abinci. Kada ka yi mamakin yadda rubutun ya karkace. Da hannu ɗaya nake yi, ɗayan yana tallafe da 'yarka a ƙirjina.

Na gaji, masoyina. Wayyo, na gaji! Ba irin gajiyar ranar haƙar doya ba, wadda ake gasa jiki da ruwan zafi a kwanta a tashi garau. Wannan ta shige ƙashi. Ɗinkin cikina yana ja, bayana ya sage a kan kujerar roba. Sai na yi ta matsa kafin nono ya rufe gindin ɗan kofi, sannan nas ta zuƙe da sirinji, ta tura ta siririyar robar da ke hancin yarinyar. Na'urorin ɗakin nan ba sa yin shiru, ko na rufe ido ina jin ƙararsu har cikin haƙorana. Na daina bambance Talata da Jumma'a. Abin da na sani kawai, in rana ta karkata zan leƙa taga in gan ka.

Ina ganinka, Yona. Kana tsammanin ban sani ba? Kullum sai ka rufe shagon walda a Sauka Kahuta, ka zo da tuwo, da filas na ruwan zafi, da zannuwana da ka wanke da hannunka. Ka miƙa wa Sista Helen, nas ɗinmu, a bakin ƙofa, ka ce mata kayanka da datti, ba za ka shiga wurin jarirai da su ba. Sannan ka koma gindin mangwaro ka zauna, kana kallon ginin nan kamar mai gadin da aka manta ba a sallame shi ba. Har ranar Lahadi, da ka zo cikin farar rigarka ta coci, cewa ka yi da datti!

Ban ga laifinka ba, zumar raina, Allah ya sani. Biyu muka zo da su, bakwaini, kowace kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka. Ina kwance ban farfaɗo daga aikin tiyata ba lokacin da ƙaramar ta koma. Kai ka karɓe ta naɗe cikin tawul. Kai ka shiga keke da ita a cinya har Chanchaga, kai da fasto kuka sa ta a ƙasa. Ni ko fuskarta ban gani ba. Kai ka gani, shi ya sa ƙafarka take ƙin ƙetare ƙofar ɗakin da mai kama da ita take kwance cikin kwalba. Wa ya tambaye ka yadda ka kwana tun daga ranar? Kowa ni yake wa sannu.

Ka tuna ranar da aka yi mini hoton ciki, aka ce biyu ne? Ka fito kana dariya kai kaɗai, har mai keke ya juyo ya duba ko lafiya. Ka sa ya tsaya a Limawa, ka sayo mini gasasshiyar doya da manja, ka ce rabon mutum uku ne, in cinye duka. Da muka isa gida ka durƙusa, ka kafa bakinka a cikina, ka rera musu waƙar coci da wannan babbar muryar taka, suka yi ta shuri har na ce ka bari, za su fasa ni. Ina wannan muryar ta tafi, tauraron asubata? Ɗaya daga cikin masu shurin nan tana nan da ranta, kuma tun da ta zo duniya ba ta ƙara jin ka ba.

Akwai abin da ban bari a faɗa maka ba. Jiya da rana, an fito mini da ita daga kwalba na ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, yadda likita yake so don ta samu ɗumi. Barci ya sace ni a zaune. Ita kuwa ta manta da numfashi, kamar yadda irinsu suke yi. Nana Aisha, wadda ɗanta yake kwalbar kusa da tamu, ita ta ga leɓen yarinyar ya canza launi, ta ƙwala ihu. Sista Helen ta fizge ta, ta yi ta murza mata baya da tafin ƙafa, ni kuwa ina tsaye hannuwana a sake. Can sai ta ja iska, ta yi wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Yona, ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba, ban kuma taɓa jin tsoro irin na jiya ba.

Likita ya ce ba laifina ba ne, amma jikina ya kai iyakarsa, dole a samu wani ƙirjin da zai riƙa karɓata in runtsa. Mama tana tari, an hana ta shiga. Ƙirjin wa ya rage, in ba naka ba? Wanda na jingina da shi shekarun nan, mai faɗi kamar dutsen da ake shanya a kansa, mai riƙe ɗumi har bayan rana ta faɗi!

Kuma har yau ba ta da suna. A jikin kwalbarta an rubuta 'yar Hadassah, kamar ni kaɗai na same ta. Na ƙi in raɗa mata ni ɗaya. Ba kuma ta taga za ka aiko da sunan ba.

Ba zan yi maka alkawarin za ta rayu ba. Wannan ba a hannuna yake ba, likitan ma kansa cewa yake mu ga gobe. Ta fara ƙara nauyi kaɗan kaɗan, tana kama yatsa, tana tamke goshi irin naka in an taɓa ta da hannu mai sanyi. Alkawarin da nake iya yi shi ne, ko mene ne ya zo, ba za ka sake ɗaukarsa kai kaɗai a cinya ba. Ina nan, idona biyu wannan karon.

Gobe in ka zo, ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka wanke hannu har gwiwa, ka yanke farce tun daga gida. Ka sa riga mai maɓalli a gaba, don a ciki za a sa ta. In kuka ya zo maka, ka yi abinka, a ɗakin nan babu mai kallon wani. Ni dai ka karɓe ta, in jingina kaina da kafaɗarka in yi barci.

Taka ce ni a ɗakin nan, taka ce in mun fita mu uku, taka ce ko yaya Allah ya yi da mu, har ranar da numfashina zai tsaya.

Matarka mai jiranka,
Hadassah