Gwangwanaye Huɗu a Ɗakin Kaka

Kaka,

Na leƙo na tarar kana ta minshari, ban tashe ka ba, motar wurin aiki ba ta jira.

Kafin ka fara neman wanda za ka yi wa faɗa, ni ce na zubar da ruwan gwangwanayen nan huɗu da ka tsoma ƙafafun kabad ɗinka a ciki. Na san don tururuwa ka yi, kar su hau su sha maka zumar nan da ka rantse mana ba ka da ita. To ka hana tururuwa, ka buɗe wa sauro ɗakin haihuwa. Da na haska ciki, 'ya'yansa ne ke ta wutsil-wutsil kamar gidan ubansu. Mu kuwa tunda zafin nan ya shigo muke zargin kwatar maƙwabta, har Mama ta je ta yi musu magana!

Don Allah kar ka sake zuba ruwa. Na lafta wa ƙafafun man shafawa mai kauri, ba tururuwar da za ta iya hawa. Bara da zazzaɓin sauro ya kwantar da kai kwana tara, likita ya ce jikinka ba zai ɗauki na biyu ba. Kai ka manta, ni da na zauna a bencin asibitin ban manta ba.

Zumarka na nan, cokali ɗaya na sha. In na dawo na ga ruwa, Mama za ta san inda take.

Jikarka