Jan Fentin Haladu

Ƙanwata Dela,

Gaisuwa mai yawa daga Jidda. Yaya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya.

Bayan Larabawa sun hana Amurka fetur, rediyo ya ce wani baƙar fata ya zarce kowa a besbol, ƙwallon sandar Amurkawa. A ranar ce ɗana Haladu, Allah ya jiƙansa, ya ari sanda a filinsu na nan Jidda da nake bai wa ruwa, ya doka ƙwallo ta haye katanga. Turawan da kansu suka shafa jan fenti a katangar, daidai inda ta haye.

Yanzu sabon kafili, ubangidana na aiki, ya ce in goge shi ko in rasa iƙama, takardar zama. Halas, shi ke nan, ya riƙe abarsa! Gobe da safe zan sayo jan fenti in ƙara.

Yayanki,
Usuman